Fijon Ya'u a Ƙungiyar Masu Motoci

Tun kafin a ƙaddamar da Shari'a Ya'u ke jigilar fasinja tsakanin Daura da Mai'adua da tsohuwar Fijo, da ita yake ci da gidansa. Ya shiga ƙungiyar masu motoci ne don ya ji dillalan Kano na yi musu rangwamen kayan gyara.

Ranar da giyabos ɗin motar ya mutu, ya sami shugaban ƙungiya.

"Alhaji Mansur, a sa ni cikin saƙon kayan gyara na Kano."

"Baba Ya'u, ai sai mutum goma sun nemi abu iri ɗaya ake rangwame. Wa ke da Fijo ban da kai?"

"Kabo fa? Ai shi ma yana da ita."

"Tasa kaji ke ƙwai a ciki!"

Masu Golf suka tuntsire da dariya. Ya'u ya sa takalmansa ya fito.

A gida matarsa Madina ta ce, "Malam, ka fita ƙungiyar mana."

"In na fita, ran da motar ta mace mini a daji wa zai jawo ta?"

"Wadda ba ta tashi ba?"

Ya zauna gindin motar, yana jin ana kiran fasinjan Mai'adua daga tasha.