Allurar Ɗantani Tela

Ɗantani haifaffen unguwar Limawa ne, jikan wani baduku da ya biyo fatake daga Katsina ya yada zango a Jimeta. Shi ɗinki ya koya. Shekarar samun mulkin kai ya sayi kekensa ya kafa rumfa a bakin kasuwa, kuma hannunsa ya yi kyau har ma'aikatan En'e daga cikin Yola suke aiko masa da yadi.

Ciwonsa ya fara ne ranar da ya gama rigar suna ta wata jaririya. Ya dubi ƙyallen da yake soke allurai, ya ga kamar ɗaya ba ta nan. Zuciyarsa ta ce masa tana cikin rigar, kuma za ta shige cikin jaririyar. Ya farke ɗinkin kaf, bai ga komai ba. Ya sake ɗinkawa, ya sake farkewa. Daga nan kowace riga sai ya lalube ta sau bakwai kafin ya bayar. In mai kaya ya tafi, sai ya rufe rumfa ya bi shi gida, ya ce a miƙo masa rigar akwai ɗan gyara.

Gari ya ɗauki magana. Wasu suka ce laya yake cusawa a wuyan riga. Bobboyi mahauci, wanda ya tarar da shi sau biyu a ƙofar gidansa, ya rantse matarsa yake bi. Ita ma Kaltume, matar Ɗantani, ta fara shinshina rigarsa in ya dawo. Bai gaya wa kowa gaskiya ba, don gara a ce masa mai asiri da a ce masa mahaukaci. Ya sha rubutu, ya yi hayaƙi, abin yana nan. Zuwa lokacin da aka ƙirƙiro jihohi aka mai da Yola ƙarƙashin Maiduguri, rumfarsa ta zama wurin hutun awaki.

Sai wani mutumin Numan mai suna Apollos, ma'aikacin jinya, ya kawo ɗinkin wando. Da Ɗantani ya je gidansa karo na uku neman wandon, Apollos ya ba shi kujera ya tambaye shi me yake nema a ciki. Ɗantani ya ce allura. Apollos ya ce ya yi kwas a kudu, a asibitin masu ciwon tunani, ya ga wadda take wanke hannu har ya tsage da wanda yake komawa duba kwaɗon ƙofa sau ashirin. Ya ce dubawar ce take ciyar da tsoron, kuma maganin shi ne mutum ya bar tsoron ya zo, ya ƙi dubawa, har ya gaji ya sauka da kansa.

Ɗantani bai yarda da shi ba. Wane irin likita ne ba ƙwaya ba allura? Ya zaci so yake ya ja shi a hankali har a ɗaure shi a turu, ko kuma ya bari allura ta soki wani ya kai shi gaban alƙali. Ya tambayi limamin unguwarsu a kaikaice. Liman ya ce haka su ma suke gaya wa mai waswasin alwala, kada ya sake ta, ya yi sallarsa. Wannan ya sa ya koma wurin Apollos, amma da ido ɗaya a buɗe.

Suka fara da wandon Apollos. Ɗantani ya ɗinka aljihu, ya miƙa ba tare da ya laluba ba, Apollos ya shiga ɗaki ya saka ya fito ya zauna. Gumi ya karyo wa Ɗantani.

"Likita, babu komai a ciki, ko?"

"Ban sani ba, Tela."

"Ai a jikinka yake."

"In na ce maka babu, gobe ma sai ka tambaye ni."

Ɗantani ya ce a ransa lallai mutumin nan mugu ne. Ya zauna a kan hannuwansa tun bayan azahar har aka kira la'asar. Da ya tashi, sai ya ji abin ya ragu ba tare da ya taɓa wandon ba. Bai gaya wa Apollos ba, don kada ya ji daɗi.

Duk Asabar suka riƙa yin haka. Daga wando suka koma rigunan manya, daga nan kayan yara. Apollos ya sa aka kira Kaltume aka yi mata bayani, ya ce in mijinta ya tambaye ta ko ta ga allura kada ta amsa. Ta saurara, amma sai da ta aiki ƙanwarta ta binciko ko wannan likita yana da ƙanwa budurwa a gidansa. Rigar suna ce ta fi ba shi wuya. Sau biyu yana karya alkawari, ya bi masu ita har Vinikilang, tsallaken kogi, a kwalekwale. A wata na biyar ya miƙa ɗaya, ya zauna yana kallon mai ita har ta ɓace cikin kasuwa.

Tunanin bai rabu da shi duka ba. Yakan zo masa in ya gaji, sai ya ce wa tunanin ya ji, ya ci gaba da taka keke. Wasu masu kawo ɗinki sun dawo, wasu har suka mutu suna cewa laya ce. Da aka yi wa Apollos canjin wurin aiki zuwa Mubi, Ɗantani ya raka shi tasha, ya riƙe masa akwati, kuma har mota ta tashi yana jiran ya ji abin da mutumin zai nema a wurinsa. Apollos ya ce ya gaida Kaltume.