Rariyar da Na Toshe

Gidanmu na Bungudu a gangare yake, daga mu sai fadama sai gulbi. Sama da mu gidan wani tsohon manomi ne, aminin mahaifina, katanga ɗaya ta raba mu. A gindin katangar akwai rariya. Duk ruwan da ya sauka a gidansa ta nan yake bi, ya ratsa tsakar gidanmu, ya fice ta tamu rariyar ya gangara gulbi. Haka na taso na tarar, ban kuma taɓa jin wani ya ce me ya sa ba.

Idan bazara ta yi nisa, unguwarmu ba mai zama. Masu soro su hau yaɓe, su shafa makuba, su gyara bakin indararo. Masu rufin kwano su jera duwatsu a kai saboda iska. A ɗaure jinkar rumbuna, a kwashe dabbobi daga fadama zuwa tudu. Aikin ƙarshe shi ne na rariya. Tsohon yakan shigo da doguwar gorarsa, mahaifina ya tsaya ta wannan gefe, shi ya koma ta wancan, su yi ta zura gorar suna tsokanar juna har ta wuce sumul. Sai Inna ta dama fura, su zauna gindin katangar su sha.

Sai aka shiga shekarun fari. Mahaifina ya rasu a cikinsu, gida ya dawo hannuna, ina ɗan akawu a Gusau mai keke da agogo, ina ji da kaina. Ruwan sama ya ƙi, babu abin da ke biyo rariyar sai ruwan wanke-wanke da wari da sauro. Abokan aikina suka zo gaisuwa wata rana, na ga ɗaya ya ɗaga ƙafar wandonsa ya tsallake. Abin ya tsaya mini a rai. Asabar ɗin da ta biyo na ɗauro rabin buhun siminti a bayan keke, na cika ramin da duwatsu, na shafe shi tas. Inna ta yi magana, na ce ta bar ni, zamani ya canza.

Da lokaci ya yi tsohon ya shigo da gorarsa kamar kullum. Ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa simintin da yatsa.

"Ɗana, mi anka yi nan?"

"Gyara na yi, Baba. Ƙazantar ta ishe mu."

"Gaskiya taka. Amma ruwa hwa bai da wata hanya sai wagga. Rumbuna na nan bayan katanga, ka sani."

Na sani, duk unguwa ma ta sani. Geron iri ne a ciki, irin da ya gada daga ubansa, mai nuna da wuri. Duk tsananin yunwar nan bai taɓa shi ba. Iyalinsa sun ci dusa, sun ci tafasa, shi kuwa yana gadin damin nan yana cewa damina mai kyau na tafe. Mu samari har dariya muke masa.

Na ce masa, "Shekara nawa rabonmu da ruwan kirki, Baba? In na dawo Asabar sai in duba."

Ya ce Allah ya kai mu, ya ɗauki gorarsa. A raina ba ni da niyyar duba komai.

Ranar Alhamis bayan azahar hadari ya haɗo daga wajen Kwatarkwashi, baƙi ƙirin. Ina ofis a Gusau, muka fito baranda muna murna muna tara hannu. Har la'asar sakaliya ana zuba. Ko sau ɗaya rariya ba ta faɗo mini a rai ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo har yau.

Washegari na nemi izini na tafi gida. Na tarar da Inna zaune, hannunta duk ya farfashe. Da ruwa ya fara taruwa a gidan tsohon, ita da matarsa suka kama dukan simintin, ita da taɓarya ta nan, waccan da galma ta can. Da laka ce, da ƙafa ma sai a ture ta. Amma aikin nawa ya yi kyau. Ruwa ya kai gwiwa, ya jiƙa gindin rumbun, rumbun ya zauna cikin taɓo da duk abin da ke cikinsa.

Na shiga na same shi yana tsince zangarniya ɗaya-ɗaya yana shanyawa a kan tabarma. Ba su yi ba, kafin kwana uku wasu sun tsiro, sauran sun ruɓe. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, ya ma tambaye ni ya aiki. Na so ƙwarai ya zage ni. Na sayo masa iri a kasuwar Tsafe, ya karɓa ya yi godiya ya shuka. Gero ne dai, amma ba nasa ba, kuma ban sake jin ya yi zancen damina mai kyau ba.

A ranar da na dawo ɗin na fasa simintin da guduma, na share rariyar har hannuna ya wuce. Amma cikin makon tsohon ya tara 'ya'yansa, suka kwashi ƙasar rumbun da ya faɗi suka cike bakin rariyar daga cikin gidansu, suka haƙa wa ruwan doguwar hanya ta ƙofar gidansa zuwa lungu. Bai faɗa wa kowa dalili ba. Muka ci gaba da gaisawa a masallaci har ya rasu, bai dai sake shigowa da gora ba.

Shekaru da yawa bayan nan, duk ƙarshen bazara nakan durƙusa in zura sanda cikin rariyar, Inna tana kallona. An yi damina iri-iri, har da wadda gulbi ya hau fadama ya taɓa bayan gidanmu. Ko ɗigo bai sake biyowa ta ramin nan ba.