Inda Jarumin Ya Durƙusa

'Yata ce ta zaɓa mana inda za mu yi hutun bara. Tun da aka haife ta a Kwatano ban taɓa jin ta ambaci Malanbil da daɗin baki ba. Ƙauyen su Baba take cewa, garin da kasuwarsa kaɗai za ta haɗiye unguwarmu. Sai ga ta wata rana da salula a hannu, wai ita dai a kai ta garinmu. Na yi murna, ni sakarai, na ɗauka jini ne ya motsa. Ashe wani fim ne mai dogon zango da suke bi ita da ƙawayenta, an ɗauki wani yanki nasa a bakin gulbi wajen Garu, kuma a wurinsu duk wadda ta yi hoto a nan ta gama da sauran.

Ni ba mai kallon fim ba ne, amma tana nuna mini na gane tsamiyar da ke ciki. Tudun tungarmu ne, inda muke shanya taru muna yara. A gindin wannan tsamiya mahaifina yake kwance.

Shekarar da ya rasu gulbi ya cika ya batse, maƙabartar gari kanta tana ƙarƙashin ruwa, dole aka binne shi a kan tudun. Ni sai bayan kwana huɗu na iso. Mutanenmu ba sa rubutu a kabari, ba sa zuba siminti. Fasasshiyar tukunya ake kifawa wajen kai, a tara ƙaya saboda awaki, shi ke nan. Da hannuna na ɗauko tukunyar daga ɗakin Inna na kifa. Daga nan na koma bakin aikina a tashar jiragen ruwa, kullum sai bana, sai baɗi, har shekara goma sha ɗaya.

Ban gaya wa yarinyar ba. Na ce a raina ta yi hotonta, in ta gama in kama hannunta in nuna mata kakanta, mu yi masa addu'a tare.

Mun kwana a Malanbil, da hantsi muka fito neman kabu-kabu. Ban gama cewa Garu ba mai babur ya tare ni.

"Tsamiyar masoya za ku, Alhaji?"

Na ce tungar ubana za ni. Ya yi dariya, ya ce duk ɗaya ne. Muka bi ta cikin gonakin shinkafa, muna kauce wa kekuna masu ɗauke da buhunan albasa, ni ina cika ina batsewa, ita tana gyara ɗankwalin sabon ɗinkin da ta yi musamman don ranar.

Da ƙyar na gane tudun. An share shi fes, an baje farin rairayi, ga benci mai shuɗin fenti, ga wata mata tana suyar kifi a gefe. Samari da 'yan mata sun yi layi, wasu daga Gaya, wasu da jin bakinsu daga Kebbi suka ƙetaro. Sau uku na zagaya tsamiyar. Babu tukunya, babu ƙaya, ƙasa ko ɗan tudu ba ta yi ba.

Yayana, wanda ya zauna a tunga yana noman albasa tun rasuwar Baba, ya taso daga fadama da laka a ƙafa. Ko gaisuwa ban bari mun gama ba.

"Yaya, ina tukunyar da na kihe bisa kan Baba?"

Ya dubi ƙasa. "Masu fim sun ce tana ɓata musu hoto. Mun ɗauke da niyyar in sun ƙare mu maida. Sati ukku sun ka yi nan. Kahin su tahi sun zuba rairai sun baje wurin, ga mutane sun hwara zuwa."

"Ba ka hwaɗa musu akwai mutum kwance nan ba?"

"Na hwaɗa ma babbansu. Ya ce Allah shi jiƙan shi, ba su daɗewa."

Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa na gaba, har mai suyar kifi ta daina juya kifinta. Bai katse ni ba. Da na gaji ya ce, a hankali, "Kai da ka san darajar kabari, shekara nawa rabonka da shi? Ni ka korar mishi awaki duk shekarun ga."

Na ji haushinsa, kuma har yau ina ji.

Na ce to ya nuna mini wurin. Ya ƙirga taki daga gindin itacen, ya tsaya, ya koma baya, ya sake. Da wani reshe yake gane wurin, in ji shi, kuma masu fim sun sare reshen don yana tare musu haske. Matarsa ta fito ta ce ba nan ba ne, can ne wajen gabas. Suka shiga gardama. Ina tsaye a kan tudun da aka haife ni, da furfurata, ban san inda ubana yake ba, kuma ina tsoron ɗaga ƙafa kada in taka shi.

Can Yaya ya juya wajen 'yata. "Ɗiyata, kawo salular ki. Akwai wurin da yaron fim ɗin nan ya durƙusa shina roƙon yarinya. Ina tsaye ranar. Gwiwatai daidai kan Baba ta sauka."

Ba ta yi minti ɗaya ba ta samo wurin, ta haddace fim ɗin kamar karatun allo. Ta tsayar da hoton. Yaya ya riƙe salular, ya daidaita saiwar tsamiya da ta cikin hoto, ya daidaita gaɓar gulbi ta ƙetare, ya matsa hagu kaɗan. Ya tsinci kara ya ja layi a rairayi.

"Nan."

'Yata ta ja mayafi ta rufe sabon ɗinkin, ta koma bayana ta tsaya. Na tausaya mata, don ba laifinta ba ne. Ni ne ban taɓa ba ta labarin kakanta ba, har sai da wani ɗan wasa ya nuna mana shi da gwiwa.

Na cire takalmi, na durƙusa a gefen layin, na ɗaga hannu. Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya na yi niyyar karanta masa. Ina ta biyu na ji dariya a bayana, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa tsohon da ya shiga wasan yara. Salula biyu ko uku suna kaina. Wata yarinya mai tabarau ta matso, ta rusuna da ladabinta.

"Baba, ba haka ya yi ba. Gwiwa guda za ka sa, kuma ka dubi wajen ruwa."

Na so in ce mata ubana ne a nan. Na dubi Yaya, ya kau da kai. Bayan yarinyar mutum sun kai ashirin, rana na dukansu, kowa da kwalliyarsa, suna jira in gama.

A ƙafa ta huɗu na shafa, na ɗauki takalmina, na ba su wuri.