Guɗa a Zaman Makokin Yaya Dauda

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Dauda, shugaban wata makarantar sakandare da ke gefen Akurba a Lafiya. Har yau idan lokacin jarrabawar kammala sakandare ya zo, sai in tuna shi in yi dariya ni kaɗai.

Sa'ad da aka ba shi makarantar, sakamakonta abin kunya ne. Hukuma ta ja masa kunne: in ba a ga canji ba, za a ɗauke senta, wato a daina zana jarrabawa a nan, a tura ɗaliban wani wuri mai nisa. Ya san abin da hakan ke nufi. Iyaye da yawa daga ƙauyukan Kwandere ba za su bar 'ya'yansu mata su je can ba, karatunsu ya ƙare ke nan.

Masu ba da shawara suka yi ta zuwa, wai a “taimaka” wa yara a ɗakin jarrabawa kamar yadda wasu ke yi. Ya ƙi. Sai ya kafa wata doka da muka yi ta yi masa tsiya a kanta: duk darasin da aka koya, ɗalibi ya je gida ya bayyana wa mahaifiyarsa da yarensu, Gwandara ne, Eggon ne ko Alago. In uwa ba ta gane ba, to ɗanta ma bai gane ba, haddacewa kawai ya yi. Na ce masa, “Yaya, kai makarantar yara aka ba ka ko ta iyayensu?” Mata suka riƙa tare shi a kasuwa suna ƙorafi cewa an hana su daka da surutun lissafi.

Bai ga sakamakon ba. Ciwo ya kwantar da shi bayan an gama jarrabawa, Allah Ya karɓi abinsa.

Yau makarantar tana cikin waɗanda ake misali da su a Lafiya, har da ɗakin kwamfuta. Da yana nan, na san zai yi murna, sannan ya ɓata wa kowa rai da tambaya: yaron da ya danna amsa daidai, zai iya faɗa wa uwarsa dalili?

Ina kewarsa ƙwarai. Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ranar da sakamako ya fito, muna tsakiyar zaman makoki. Wata mata daga Kwandere ta shigo ta'aziyya, ta durƙusa gaban mahaifiyarmu, ta kasa ɓoye murnar da ke fuskarta.

“Mama, yi haƙuri,” in ji ta da 'yar Hausarta. “Yarinya na ya ci. An ce senta ba za a ɗauke ba.”

Guɗa ta kuɓuce mata, ta yi maza ta toshe baki don kunya. Mahaifiyarmu, ido cike da hawaye, ta janye mata hannu.

“Ƙarasa, 'yar nan. Wannan ce gaisuwar da ɗana yake jira.”