Inna Salamatu Mai Gwangwani da Hoton Kan Karima

Tabarma. Buta. Jarkar fura. Zane biyu. Takardar likita a cikin leda. Tsinken tsefe kai da reza. Gwangwanin madara mai murfi, babu komai a ciki.

Iyakar kayan da ke ƙarƙashin kujerarsu ke nan lokacin da mota ta wuce Dogon Dutsi ta nufi Doso. Karima ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali, ta jingina goshi da kujerar gaba. Tun damina ciwon kai ya kama ta, bai sake ta ba. Likitan da ya duba ta a Ƙonni ya ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, wanda suke kira sikana. Inda aka saba tura mutane injin ya tsaya, babu ranar gyara. Mai hali sai ya tafi kilinik ta kuɗi a Yamai. Mijinta Habibu ba shi da hali, shanun huɗa biyu gare shi. Ya sayar da ɗaya.

Wadda ke zaune kusa da ita ba uwarta ba ce, ba 'yar'uwarta ba. Inna Salamatu ce.

"Inna, gwangwanin ga na mine ne?"

"Bari sai mun isa. Sha hura."

Domin wannan tsohuwa aka yi wannan rubutu. Ta yi shekaru tana sharar gidan likita a Ƙonni, har ƙarfinta ya fara raguwa ta koma gida Dogarawa. Da safe za ka same ta a ƙofar gida da tiren daddawa. A nan masu takarda ke iske ta, daga Tsarnawa, daga ƙauyukan Malbaza, har daga Illela: an ce su tafi Yamai ko Maraɗi a yi hoto, ba su taɓa wuce kasuwar Ƙonni ba. Ba ta iya karatu ba. Abin da ta iya shi ne ƙofofi: wadda ake biya, wadda ake jira, wadda in ka zauna a bakinta za ka wuni ba a kira ka ba. Tana jin Zabarmanci daidai na tambayar hanya da na faɗa. Takan rufe tiren, ta ba maƙwabciya, ta ɗauki gwangwani. Kuɗin mota da abinci kawai ake yi mata. In an ƙara wani abu takan karɓa, in ba a ƙara ba ba ta tambaya.

Iliyasu direba, wanda ya fi kowa ɗaukar ta, ya ce ya ga ranar da ta goyo wani tsoho daga mota har inuwa, ɗansa na tsaye yana neman inda zai fara kamawa. Ya ce akwai wata Bafulatana da ta ga injin ta fito da gudu har titi. Inna Salamatu ta roƙi ma'aikata, ta hau gadon ta kwanta ita da kanta injin na kashe, ta ce, "Kin gani? Ko ɗankwalina bai ci ba." Matar ta shiga. Ya ce kuma ba kowa ke dawowa da labari mai daɗi ba. Wanda aka gaya wa mummuna, takan zauna da shi a kujerar baya, ba ta ce masa ƙarya likita yake yi, ba ta kuma sakin hannunsa sai a ƙofar gidansu.

A kilinik an ce Karima ta cire duk wani ƙarfe daga wuya zuwa sama. 'Yan kunne ba su yi wuya ba. Amma cikin kitsonta akwai laya ƙarama da zoben jan ƙarfe, uwarta ce ta kitse ta a ciki, ta ce kada ta rabu da ita sai ta warke. Karima ta dafe wurin da hannu biyu. Ma'aikacin ya duba agogo, ya ce akwai mutane a baya.

Inna Salamatu ta ja ta gefe, ta zaunar da ita a tabarma, ta ciro tsinke.

"Inna, tsohuwata ta ce..."

"Ta ce kar ta rabu da ke. To ina za ta? Ga gwangwani bisa cinyata, ga ki cikin ɗaki, bango ɗai ne tsakaninku. Kina hitowa in maida ta inda take."

Ta tsefe kitso ɗaya, ta yanke zaren da reza, laya ta faɗa cikin gwangwani tare da 'yan kunne. Amfaninsa ke nan. Layu nawa suka kwana a cikinsa, ita ma ba ta sani ba.

Karima ta kwanta, gado ya ja ta cikin wani zobe fari, ta ji ƙara a hankali. Ta rufe ido tana jiran ta ji an zare ciwon. Aka ce ta tashi. Ta fito tana taɓa goshi.

"Inna, an gama? Ai bai bari ba."

"Hoto anka ɗauka, ɗiyata. Ba magani anka ba ki ba."

Kowa takan gaya masa haka tun a mota. Ba wanda ke ji sai ya fito. Ta mayar da layar, ta kitse wurin kamar ba a taɓa ba.

Sun dawo Dogarawa da babban ambulan. Kafin Karima ta wanke ƙafa, hoton ya fita zaure. Baƙar leda ce mai kauri, jere da ƙananan da'irori masu toka-toka. Kowa ya ɗaga ta ga rana. Uwar Habibu ta duba ta daɗe, ta ce, "Yarinya da kai guda, ga kawuna cike da takarda, kuma ku ce ba iska ba?" Aka kira Awal mahauci, tunda shi ya saba fasa kan rago. Ya juya hoton sama, ya juya ƙasa, ya ce ƙwaƙwalwa dai ta cika kwanonta, amma ga wani duhu a gefe bai yarda da shi ba. Duhun shatin babban yatsansa ne, da maiƙo.

Ni wan Karima ne. Na yi karatun aikin ruwa a Aljeriya, ban daɗe da dawowa ba, saboda haka ni aka miƙa wa takardar Faransancin da ke tare da hoton. Na karanta, na fassara: ba a ga komai ba, ƙwaƙwalwa lafiya.



"Babu komi?" in ji Habibu. "Sa guda, babu komi? To Mushe, mi ka ciwo?"

Mushe suke ce wa ɗan boko irina. Na ce ban sani ba. Awal ya ce ai injin Yamai ƙarami ne, a Sakkwato akwai wani kamar rami, ana tura mutum gaba ɗaya, yana ganin abin da wancan ya tsallake. Habibu ya saurara da kyau. Ba mugun miji ba ne. Mutum ne da yake jin nishin matarsa kullum, yana da sauran sa ɗaya. In ya bar shi, zai haɗa da na maƙwabci su yi huɗa, ya ja amalanken albasa. In ya sayar, damina ta same shi da hauya da 'ya'ya ƙanana. Ya aika a gaya wa dillali.

Karima na ɗaki ba ta san abin da za ta ji ba. Wasu mata sun shigo suna yi mata barka. Wasu sun shigo suna kallon ta kamar wadda ta cinye sa da ƙarya. Har ta fara tambayar kanta ko da gaske ciwon yake. Sai ya sara mata a bayan ido, ta kwanta.

Washegari Inna Salamatu ta zo. Ta karɓi hoton a hannun masu kallo, ta goge shi da bakin zane, ta mayar cikin ambulan.

"Inna, ke da kin saba, duba muna," in ji Habibu.

"Shekaru ina ɗaukar irin wanga, har yau ban san gabanshi da bayanshi ba. Wanda ya aiko mu shi za mu koma ma."

"Shi hwa ya sa anka saida sa."

"Shi ɗin dai. Ba a gama tahiya ba, Habibu. Rabi munka yi."

Wannan ita ce hanyar aikinta, kuma a nan ta bambanta da mu. A garinmu hoto yakan ƙare a ƙasan akwati, tare da zanen aure. An biya, an shiga inji, an dawo, shi ke nan. Ita ba ta lissafa rakiya ta cika sai hoton ya koma hannun wanda ya nema. Ta leƙa ɗaki ta miƙa wa Karima gwangwanin, ta ce duk abin da take haɗiya saboda kai ta zuba a ciki, kada ta rage ko ɗaya.

A Ƙonni likita ya ɗora hoton a kan fitila, ya ce labari ne mai kyau: babu ƙari, babu jini. Ya auna jininta, ya haska idonta. Da ya tambayi ko tana shan wani magani, Karima ta sunkuyar da kai. Inna Salamatu ta buɗe gwangwani ta juye a tebur. Ƙwayoyin 'yan tebur ne, ja da rawaya da fari, waɗanda take sha safe da rana da yamma tun farkon ciwon. Likita ya ce mai yiwuwa yanzu su ne ke riƙe da ciwon. Mai yiwuwa, bai ce tabbas ba. Ya ce ta bar su duka, ta sha wanda zai rubuta. Ya ce ciwon zai ƙaru kafin ya ragu. Ta dawo Laraba, ranar kasuwa ta sama, in kuma ta fara amai ko ido ya dushe, ta zo nan take.

A mota Karima ta ce, "Inna, maganin ciwon kai shi ka sa ciwon kai?"

"Haka ya ce."

"Ke kin gane?"

"A'a. Amma ya ce a komo Laraba, wannan na gane."

Inna Salamatu, ke ce jagorar wanda bai san gari ba. Ke ce ba ki taɓa cewa kin san abin da ba ki sani ba, a ƙasar da kowa likita ne in an ɗaga hoto ga rana. Ba ki raina layar uwa ba, ba ki raina takardar likita ba, kin sama wa kowace wurinta. Ba ki warkar da kowa ba, kuma ba ki ce kin warkar ba. Kin kai mutane, kin jira, kin dawo da su. Mun gode. Allah ya biya ki, ya sassauta miki gwiwoyin nan.

Don gwiwoyin ne ta ce tafiyar Karima ita ce ta ƙarshe zuwa Yamai. Ƙonni za ta iya, nesa kuwa a'a. Masu takarda ba su daina zuwa ƙofarta ba. Mu da muka yi lakwal, wato boko, muna jin Faransanci, mun san ƙofofin nan, wasunmu na hawa motar Yamai kowane wata da kujera babu kowa a gefe. Ba a nemi mu karanta hoto ba. A ɗauki mutum ɗaya, a kai shi, a dawo da shi, a mayar da hoton inda ya dace. Gwangwanin madara ba shi da tsada.

Ciwon ya ƙaru, kamar yadda aka faɗa. Karima ta kwana biyu ba ta son haske, ba ta son motsin turmi. Ana sauran kwanaki Laraba, da hantsi, dillali ya iso da igiyarsa, ya tsaya a bakin ƙyauren garke yana duba haƙoran sa. Inna Salamatu na ɗaki tana matse tsumma mai sanyi. Habibu ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa ja.

"Inna, ki dube ta. Wanga sauƙi ne? In saida mu tahi Sakkwato, ko in bari? Abin da kinka ce shi za ni yi."

"Kai ba nawa ba, sa ba nawa ba. Ga mai kan nan, tambaye ta."

Karima ta cire tsumman daga goshi. Ta tashi a hankali, ta dafa bango, ta fita tsakar gida ido a runtse. Ta gaida dillali, ta roƙe shi ya ɗan matsa waje. Ya matsa, yana kallon Habibu.

"Baban Husna," ta ce wa mijinta, "ciwo nike ji, ba ƙarya nike ba. Mi ka sa shi, ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, Awal ma bai sani ba."

Ta ja ƙyauren kwanon garken ya rufe, ta sa sakata.

"Sa ba shi hita. Laraba in koma Ƙonni."