Sarƙar da Na Sare

Hannuna na hagu yatsu uku gare shi. Sauran biyun suna can dajin Tinyer, a gindin wani maɗaci. Sarƙar injin yankan itace ce ta tsinke ta tafi da su, ta kuma bar mini tabo daga haɓa zuwa kunne. Ban sake ɗaukar inji ba. Na dawo Garwa, na samu inuwar darbejiya a bayan rumfunan masu katako, na zauna ina wasa wa masu yanka sarƙoƙinsu.

Kayan aikina ba yawa. Kututturen kirya guda, wanda na kafa wa tsohon lam, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a jikinsa. Magagari mai zagaye kamar fensir. Wani magagarin mai faɗi. Alli. Sai ɗan faifan ƙarfe da ake ɗaure magagarin a cikinsa, mu a nan gid muke ce masa. Yana da zane-zane a bayansa. In ka daidaita zanen da lam, magagari ba zai karkace ba, ba kuma zai nutse cikin haƙori ya ci gindinsa ba. Masu washi da yawa suna raina shi, wai na 'yan koyo ne. Su suna da yatsu goma. Ni gid ne ya zame mini yatsun da na bari a daji.

Aikin ba ya son gaggawa. Ka nemo haƙorin da ya fi gajarta, ka shafa masa alli, sauran duk sai sun sauko sun yi daidai da shi. Ka tura magagari gaba, ka ɗaga, ka dawo, ka sake turawa. Ba a jan shi da baya. Ka gama haƙoran gefe ɗaya, ka juya ka yi na ɗayan. A bayan kowane haƙori akwai ɗan layi da masu ƙera sarƙar suka zana. In washi ya kai nan, sarƙa ta mutu. A gaban kowane haƙori kuma akwai ɗan tudun ƙarfe, shi ke hana haƙorin cizo fiye da ƙima. Masu yanka ba sa ƙaunar tudun nan. Kullum sai su ce, "Rage shi, sa mata yunwa." Sarƙa mai yunwa tana cin itace da sauri. Ran da ta ga dama kuma sai ta yi tsalle ta dawo kan mai riƙe da ita.

Da darajar kuɗinmu sefa ta faɗi, sabuwar sarƙa ta fi ƙarfin talaka. Sai mutane suka ƙirƙiro dabara. A samo matattun sarƙoƙi biyu, a tsinci inda ya fi dama-dama a kowace, a haɗa su. Ƙusar haɗi ta ainihi babu ita, sai a yanko ƙusar kafinta a zura, a doke kanta da guduma. Auren sarƙa muke ce wa wannan. Mai shayin da ke kusa da ni, wani Bafulatani mai baki, in ya ga an kawo irinta sai ya gaida mai ita da Fulatanci, "Jam na, ango? Ina goron ɗaurin auren?" A yi dariya. Ni ba na dariya. Wadda ta ci yatsuna ma ba ta kai su lalacewa ba.

Ina da ƙane, autan innarmu. Ni na goya shi, ni na kai shi kaciya. Ya girma ya yi iyali, ya shiga yankan itace ina hana shi. Injin ba nasa ba ne, na wani alhaji ne mai katako, irin waɗanda kakanninsu suka zo daga Kano da fatauci. Tsarin kuwa shi ne, inji da mai na alhaji, sarƙa ta mai yanka.

Wata rana da zafin bazara, ana dab da azahar, ya zo da wani abu a naɗe cikin takardar buhun siminti. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye a kan kututture.

"Yaya, gobe da safe motar alhaji za ta tashi. Doka da maɗaci za mu yanka kafin ruwa ya sauka. Ka taɓa mini wannan."

Na warware. Tun ban ɗaga ta ba na gane. Aure ne, har wuri biyu. Rabin haƙoran dogaye, rabin kuwa sun wuce layi, sun zama kamar ƙayar kifi. Tuddan gaban haƙoran duk an goge su. Na riƙe ta a kwance na lanƙwasa, ta bi hannuna kamar igiya. Baƙin man mota da suke zuba mata ya cinye gaɓoɓin.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Ni na yi."

"Ba zan wasa ba."

Ya yi murmushi, yana zaton wasa nake. "Haba Yaya. Kowa da irinta yake fita."

"Kowa ba ƙanena ba ne."

Mai shayi ya leƙo. "Kai, wannan ai ba aure ba ne, zaman daduro ne. Ko waliyyi babu."

Ƙanena bai kula shi ba. Ya matso kusa, ya rage murya. "Yaya, gidana babu komai. Ka sani. Aikin nan shi ne damina da ranina. In ban hau motar nan ba, akwai mutum biyar a ƙofar alhaji suna jiran injin."

"Ka gaya masa ya ba ka sabuwa."

"Na gaya masa. Ya ce tsari tsari ne."

"To ka zauna."

"In zauna in ci me? Ƙasa?"

Na ɗaga masa hannuna na hagu. Ya kau da kai.

"Naka ƙaddara ce," in ji shi. "Abin da Allah ya rubuta ba gid ɗinka ne zai goge shi ba. In ba za ka yi ba, ba ni abata. Akwai masu washi a bakin gada, ba sa wa'azi."

Gaskiya ya faɗa. Na san su. Za su wasa ta da hannu sake, su ƙara mata yunwa, su karɓi abinsu. Gobe ya ɗora ta a kan maɗaci. Na san ƙarar da sarƙa ke yi in ƙusa ta saki. Ba ta da ƙarfi. Kamar an karya kara ne. Kafin ka ji ta, ta riga ta iso.

Ya miƙo hannu zai ɗauka. Na riga shi. Na shimfiɗa ta a kan kututture, na ɗora kurfin saran ƙarfe, na sauke guduma. Na matsa gaba na sake. Na yi ta sara har babu guntun da ya kai taƙi ɗaya, don kada a sake aurar da ita.

Masu katako suka daina ciniki suna kallo. Mai shayi ya koma bayan tukunyarsa. Ƙanena yana tsaye, hannunsa a miƙe yadda ya miƙo shi. Bai zage ni ba. Da ya zaga da ya fi mini. Ya sunkuya ya tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a takardar siminti, ya naɗe.

"Useko, Yaya," ya ce, wato na gode da Fulatanci. Ya tafi.

Da la'asar na rufe aiki, na bi shaguna. Sabuwa tana nan rataye, amma ko na sayar da kututture da gid da rigar jikina ba zan kai ba. Na nemi tsohuwa mai sauran rai wajen duk wanda na taɓa yi wa washi. Lokacin fita daji ne, ba mai sakin tasa. Da safe motar ta tashi. Wani ne ya hau da injin.

Na je gaida innarmu a ranar. Labari ya riga ni. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Kai tun kana yaro ba ka iya magana ba sai da guduma."

"Inna, kashe shi za ta yi."

"Wataƙila. To da ka sare, me ka sa masa a hannu?"

Na tashi na fita.

Bayan wasu makonni na samu sarƙa mai kyau wajen wani makaniken da injinsa ya ƙone. Na wasa ta haƙori-haƙori, ban taɓa yi wa wata irin wannan aikin ba. Na kai gidansa. Matarsa ce ta fito, ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a ƙasa. Ta ce ya tafi Figil. Ya samu aiki wajen masu fasa farin dutse da hannu suna ƙonawa a rami. Na ba ta sarƙar ta ajiye masa. Kafin wata ya ƙare aka dawo mini da ita a naɗe, ba saƙo. Daga baya ya aiko aka kwashi iyalin.

Mutumin da ya hau motar a madadinsa, shi ma da sarƙar aure ya tafi. Ya dawo lafiya. Ya sake komawa, ya sake dawowa. Yau yana da injuna na kansa da gida mai bene a Yelwa. In ya wuce a kan babur yakan ɗaga mini hannu. A shekarun nan na ga waɗanda sarƙar aure ta cire wa ƙafa, na ga wanda aka kawo a buhu. Na kuma ga da yawa da ba abin da ya same su. Wannan ma gaskiya ce, ba zan ɓoye ta ba.

Shekaru suka wuce ba ya zuwa. Da Inna ta rasu ya zo. Muka tsaya sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Ya ba ni hannu kamar yadda ya ba kowa. Gashin girarsa fari fat, na ɗauka furfura ce, ashe ƙurar dutse ce da ta ƙi fita. Tun a makabarta na ji tarin. Busasshe ne, ba ya fitar da komai. Ana sadakar uku ya koma.

Da ya dawo Garwa gaba ɗaya, ban gane shi daga nesa ba. Na ga wani tsoho yana tahowa yana hutawa a kowace rumfa. Ya iso ya zauna a bencin masu jira, ya daɗe yana neman numfashi. Mai shayi, shi ma ya tsufa, ya zuba masa ba a tambaye shi ba, bai kuma yi ba'a ba.

"A asibiti sun ce ƙirjin ya cika da dutse," in ji ƙanena. "Ba na iya ɗaga guduma."

Na ce, "Sannu."

Ya buɗe hannuwansa a kan gwiwa, ya juya su. Sun tsattsage, farar ƙasa ta cinye fatar. "Ga yatsun nan, Yaya. Ka cece su. Ko ɗaya bai ɓata ba."

Ban san ko godiya ce ko zagi ba. Ina jin shi ma bai sani ba. Na ɗauki gid na ɗaura sabon magagari, na miƙa masa.

"Wannan ba ya son ƙarfi. Zauna nan."

Ya zauna. Na nuna masa zanen, na nuna masa allin. Bai daɗe ba sai ya iya. Hannunsa ya fi nawa, ba ya rawa sai in tari ya taso. In ya taso sai ya ajiye magagari, ya dafa kututture har ya wuce, ya nemo haƙorin da ya tsaya ya ci gaba. Abin da muka samu mu raba. Ba mu cika magana ba. Maganar waccan rana kuwa ba wanda ya tayar.

Sarƙoƙi masu araha sun shigo kasuwa a lokacin, auren sarƙa ya ragu, amma bai ƙare ba. Wata safiya wani magidanci daga wajen Pitowa ya kawo irinta. Ƙanena ne a kan kututture, shi ya karɓa. Ya warware, ya lanƙwasa ta, ya taɓa kan ƙusar da babban yatsa. Kurfi da guduma suna nan kusa da ƙafata. Na ga ya dube su.

Ya ce wa mutumin, "Malam, ba ma wasa wannan. Dubi hannun yayana, dubi fuskarsa. Tasa ba ta kai taka lalacewa ba."

Mutumin ya ce yara suna gida, mota kuma ba ta jira.

"Na sani," in ji ƙanena. "Na fi ka sani. Akwai wata rataye can, tsohuwa ce amma lafiyayya. Ɗauke ta, ka dawo da ita bayan damina. In ka ƙi, ga taka. Abarka ce."

Sarƙar da ya nuna, ita ce wadda aka dawo mini da ita a naɗe. Tun ran nan tana rataye a jikin darbejiya, ina shafa mata mai. Ban taɓa gaya masa ko wacce ba ce. Ashe ya sani.

Mutumin ya ɗauka, ya yi ta godiya, ya tafi. Ƙanena ya jawo wata sarƙar ya ɗora a lam, ya shafa alli. Bai dube ni ba.

"Haka ake yi, Yaya."

Na so in ce masa ran da na sare tasa ba ni da wata a rataye. Na buɗe baki, tari ya taso masa. Na jira ya wuce, da ya wuce kuma sai na ga maganar ba ta da amfani.

Bai ga ƙarshen damina ba. Ni na yi masa wanka, liman yana zuba ruwa. Ƙirjin ya shige ciki, ana ƙirga haƙarƙari. Na wanke hannun dama, na wanke na hagu, ina bin tsakanin yatsu kamar yadda ake yi. Duk suna nan.

Mutumin Pitowa ya dawo da sarƙar bayan ruwa ya ɗauke, ta ci har kusa da layi. Ya tambayi mai ba shi aro. Na gaya masa. Ya yi addu'a, ya tafi da ƙafafunsa. Na mayar da ita jikin darbejiya, na koma kan kututture.