Kunnen da Ya Daina Ji

Shekara talatin ke nan ana kiransa Mai Kunne. Bai taɓa sayen na'urar auna ƙarfin baƙin mai ba. Doguwar sukundireba yake kafawa a jikin inji, ya ɗora kunne a kan mariƙinta, ya lumshe ido. Nan take zai gaya maka ko saitin tayimin ɗin inji ne ya goce, ko famfon mai ne ya gaji. Wanda ya yi masa gardama kuwa ya sha zagi.

Abin da ya ɓoye shi ne, tun bara kunnen ya fara yin nauyi. Matarsa kaɗai ta gane, don sai ta yi kira uku yake waiwayowa.

Wata safiya mijin 'yarsa ya shigo gareji da a-kori-kura, jikoki huɗu a ciki, za su yi doguwar tafiya ta hanyar tsaunuka.

"Baba, jar fitilar mai ce take ta ƙyaftawa. A saurara mana."

Makanikai suka kewaye shi. Mai Kunne ya kafa sukundireba, ya danna kunne har ya yi zafi. Shiru, kamar ya jingina da bango.

"Waya ce kawai ta saki," in ji shi. "Ku tafi, lafiya lau take."

Motar ta fita, yara suna ɗaga masa hannu. Tana kaiwa kwana, sai duk mutanen garejin suka ɗaga kai lokaci guda, suka juya wajen titi, inda injin motar ya yi wata muguwar ƙara.

Shi bai ji komai ba.